Fej bai zo ya kori antibayotik ba

Assalamu alaikum Edita.

Baƙon da kuka kawo a shirin lafiya na daren Laraba ya yi ɓaranɓarama, kuma ba wanda ya taka masa birki. Wai bakteriyofej (fej a taƙaice), bairos ɗin nan mai kashe bakteriya, ya zo ya sallami antibayotik. Haba! A garin da mutum zai sayi kafso huɗu a kemis ya daina sha da ya ji dama-dama, a nan za a faɗi haka?

Galibi tare ake ba da fej da antibayotik. Masana a Beljiyam sun bi diddigin majinyata 100 da aka yi wa magani da fej, sakamakon ya fito a 2024, ya nuna kawar da ƙwayar cutar ya fi wuya sosai idan ba a haɗa da antibayotik ba. Dalilin a fili yake. Bakteriya na bijire wa fej kamar yadda take bijire wa magani, sai dai bijirewar kan ja mata asara. Akwai fej ɗin da ke kama wata bakteriya mai suna Pseudomonas aeruginosa ta kan famfon da take fitar da magani daga jikinta. In ta sauya famfon don ta tsira, maganin da ya daina cin ta sai ya dawo yana ci.

Kuma ba kowane haɗi ba ne. Fej da injin gina furotin na bakteriyar yake hayayyafa, don haka magani irin tetrasaikilin, mai tsayar da wannan injin, na iya kashe masa hanzari.

Baƙonku bai ce uffan ba kan aikin da ke gaba. Sai an ɗebi mugunya ko fitsari ko jini, an shuka a ɗakin gwaji, an ware ƙwayar, sannan a gwada ta da fej iri-iri, domin kowanne da wadda yake ci. Na allura sai an tace gubar bakteriyar da aka raine shi a ciki, in ba haka ba zazzaɓi ya kayar da majinyaci. Na sha kuwa, asid ɗin ciki na lalata shi. Ajiya sai firji, wajen digiri 4, ga zafin Katsina a Afrilu, ga halin wutar lantarkinmu. Ba ma sabon abu ba ne. Cibiyar Eliava da ke Tibilisi a Jojiya tun 1923 take wannan aikin.

Ku gyara maganar a shiri na gaba. Sannan don Allah ku duba layin wayarku, kullum kuna cewa a kira, amma ba ya shiga.

Mai sauraronku,
Ƙofar Ƙaura, Katsina