Ƙorafi kan yadda aka raba ni da jakar kyamarata a filin jirgin Katsina

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Fasinjoji na Kamfanin Jirgin Sama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ni mai sana'ar ɗaukar hoto ne a Daura, kuma na rubuto muku a bainar jama'a ne saboda saƙonni biyu da na aika ofishinku har yau ba a amsa ko ɗaya ba.

Bayan na kammala ɗaukar hawan Sallar Gani, na yi sammako zuwa Katsina domin in bi jirginku zuwa Abuja. A kantar tantance fasinjoji ma'aikacinku ya ɗora jakar hannuna a kan sikeli ta nuna kilo 11, alhali ƙa'idarku kilo 7 ce, kuma ban yi musun hakan ba. Sai dai duk wanda ya san aikinmu ya san cewa gilashin kyamara na 70-200 kaɗai, wanda muke jawo mahaya da shi daga nesa don kada doki ya bi ta kanmu, ya kai kusan kilo ɗaya da rabi, kafin a zo ga kyamarori biyu da batura da kwamfuta. Na roƙi a caje ni kuɗin rarar nauyin in shiga da jakar, tunda girmanta bai hana ta zama ƙarƙashin kujera ba. Ya ce, "Malam, ba mu da wannan tsarin," ya ɗauko takardar da ake ɗaura wa akwatuna.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ni fasinja ne na tuna masa cewa akwai baturan litiyam a ciki. Ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, wato IATA, ta hana a zuba baturan da ba sa jikin na'ura cikin kayan da ake lodawa a ƙarƙashin jirgi, domin idan ɗaya ya kama wuta a can babu mai ganinsa balle ya kashe. Waɗanda ba su wuce Wh 100 ba (Wh ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa ne), irin nawa, tare da fasinja suke shiga. Haka na durƙusa a gaban layi na kwashe batura shida na cusa a aljihunan kaftanina, na rungumi kwamfuta da kyamara ɗaya, wato nauyin da aka ce ya yi yawa a jaka ya shiga jirgin a jikina.

Da muka sauka Abuja na buɗe jakar, sai na tarar zoben gilashin ya cije ba ya juyawa, kuma gefensa ya tsage. Ofishinku na can ya nuna mini sharaɗin tikiti da ke cewa ba ku ɗaukar alhakin kaya masu saurin karyewa ko masu tsada idan an loda su a ƙasa. To, ranka ya daɗe, gaba kura baya sayaki ke nan: a sama kun hana, a ƙasa kun ce ba ruwanku, kuma ba ni na zaɓi a loda jakar ba.

Ina neman ku biya kuɗin gyaran gilashin, sannan ku bayyana a rubuce, tun wajen sayen tikiti, yadda mai kayan aiki irin nawa zai biya ya shiga da su a hannu. Tikitin da takardar jakar da hoton ɓarnar duk suna hannuna, kuma idan mako biyu ya wuce ban ji daga gare ku ba, zan miƙa su ga sashen kare haƙƙin fasinjoji na hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, wato NCAA.

Naku,
Mai ɗaukar hoto daga Daura