Ba kowace shawara ce ta jiƙo ba

Edita, assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan kansar bututun madaciya, wato hanyar da ruwan ɗaci ke bi daga hanta ya sauka hanji, ita ce ta raba mu da yayata.

Idonta ne ya fara yin ɗorawa, muka ce ai shawara ce aka dinga jiƙo da saƙe-saƙi wajen wata uku, fitsarinta kamar ruwan shayi, bayan gida ya koma fari-fari, ga ƙaiƙayi da dare har sai ta yi wa jikinta rauni da farce tana ta ramewa. Ko da aka yi sikanin likita ya ce ta wuce tiyata, sai ɗan bututu aka sa mata ruwan ya samu hanya. Wallahi har yau abin na cin raina.

Jama'a duk babban da idonsa ya sauya a kai shi asibiti, kuma a yi gwajin ciwon hanta na hepatitis B da C tunda suna ƙara haɗarin kamuwa da wannan kansar.

Kuɗin CT (hoton cikin jiki) da kemo (maganin kansa) kuwa sai da muka sayar da gona. Ina roƙon hukumar NICRAT, mai kula da bincike da maganin kansa a Najeriya, da masu hali su sa wannan cuta cikin tallafi, a ba likitocinmu kuɗin bincike, sannan ran 4 ga Fabrairu, ranar kansa ta duniya, gidajen rediyo su yi bayaninta da Hausa.

Wani mai karatu, daga Gusau