Buɗaɗɗiyar wasiƙar ƙorafi ga kamfanin jirgin yawon da ke riƙe da fasfon mahaifiyata

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa ne a bainar jama'a saboda takardar ƙorafin da na kai ofishinku da hannuna ba ta samu amsa ba, kuma ma'aikatanku sun daina ɗaga wayata. Na sakaya sunan kamfaninku domin har yanzu ina fatan mu warware lamarin cikin mutunci, amma kun san kanku, kuma kun san dattijuwar da nake magana a kanta.

Mahaifiyata ta yi niyyar yin Umara a goman ƙarshe na watan Ramadan, da kuɗin da ta daɗe tana tarawa ta hanyar adashe, tare da abin da mu 'ya'yanta muka cika mata. Tun a watan Rajab na kawo muku fasfonta da hotunanta da kuɗin kafin alƙalami, daga baya na cika sauran kamar yadda muka yi yarjejeniya, aka ba ni rasit mai ɗauke da hatimin kamfaninku. A ranar da na miƙa fasfon na tambayi ma'aikacinku ko akwai wani abu da ya rage mu yi daga ɓangarenmu, ya ce babu, mu je mu shirya jaka kawai. Sai da azumi ya kai tsakiya, ana gab da tashin jirgi, aka kira ni aka shaida mini cewa ba a samu bizar Hajiya ba, domin wa'adin da ya rage wa fasfonta bai kai wata shida ba.

A nan ne ƙorafina yake. Sharaɗin wata shida ba sabon abu ba ne, kuma ba Saudiyya kaɗai ke da shi ba; ƙasashe da yawa ba sa karɓar baƙon da wa'adin fasfonsa zai ƙare kafin cikar wata shida daga ranar shigarsa, kuma kamfanonin jiragen sama suna duba wannan tun a wurin awon kaya, domin su ake ci tara idan suka ɗauko wanda takardunsa ba su cika ba. Ranar ƙarewar fasfo tana rubuce ɓaro-ɓaro a shafin da hoton mai shi yake, wato shafin da ma'aikacinku ya buɗe a gabana ya ɗauki kwafinsa. Dubawar ba ta cin minti ɗaya. Mahaifiyata ba ta karanta boko, kuma mafi yawan mutanen da ke zuwa wurinku suna ɗauka cewa muddin fasfo bai mutu ba ana iya tafiya da shi. Sanin cewa ba haka abin yake ba shi ne ainihin abin da muke biyan ku a kansa. In don sayen tikiti ne kawai, yau kowane yaro mai waya yana iya yin sa daga ɗakinsa.

Tun ran gini ran zane. Da an faɗa mana a watan Rajab, da akwai isasshen lokaci. Ma'aikatar harkokin cikin gida ta sanar tun shekarar 2021 cewa sabunta fasfo na ɗaukar mako 3, sabon fasfo kuma mako 6, kuma ko da an samu jinkiri a kan hakan, tsakanin Rajab da goman ƙarshe na Ramadan akwai kimanin wata biyu. Wannan lokaci duka fasfon yana cikin durowar ofishinku, mu kuwa muna zaune da tabbacin da kuka ba mu cewa komai ya kammala.

Abin da ya biyo baya ya fi sakacin farko muni. Maimakon a ba mu haƙuri a nemi mafita ta gaskiya, sai ma'aikacinku ya ce yana da wani mutum da zai fito da sabon fasfo cikin kwana biyu, idan na ba da wani kuɗi da ya ninka na hukuma fiye da sau biyu, a hannu, ba tare da rasit ba. Kuɗin fasfo ba a ɓoye yake ba. Daga ranar 1 ga Satumba, 2025, Hukumar Shige da Fice ta Ƙasa ta ƙayyade naira 100,000 ga fasfo mai shafi 32 na shekara 5, da naira 200,000 ga mai shafi 64 na shekara 10, kuma ana biya ne ta shafin hukumar na intanet, sannan mai fasfon ya je da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Ban amince da tayin ba, domin ba zan miƙa takardun mahaifiyata ga mutumin da ban san sunansa ba, ban san ofishinsa ba. Ina so ka sani, ranka ya daɗe, cewa a cikin ofishinka aka yi mini wannan tayi, a gaban wasu maniyyata da ke zaune suna jira.

Da muka bi hanyar da ta dace, sai muka tarar da wani cikas ɗin da shi ma ya kamata ku hango. Yanzu ba a yin fasfo sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma wajibi ne bayanan da ke kan lambar su yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Sunan kakana an rubuta shi da siga ɗaya a tsohon fasfon Hajiya, an kuma rubuta shi da wata siga a rajistar NIN, abin da ya zama ruwan dare a Arewa, inda suna ɗaya kamar Muhammad ko Abubakar ke da rubutu iri uku ko huɗu gwargwadon magatakardan da ya riƙe alƙalami a ranar. Gyaran irin wannan saɓani yana da nasa matakai da nasa lokaci. Kamfanin da ke hulɗa da ɗaruruwan dattawa a kowace shekara ya san wannan matsala sarai, kuma tambaya ɗaya a ranar karɓar takardu ta isa ta bankaɗo ta. Kafin a gama gyaran, jirgin ya tashi, azumi ya wuce.

Akwai kuma batun allurar rigakafi, wanda na ɗauke shi da muhimmanci fiye da asarar kuɗin. Saudiyya tana buƙatar mai zuwa Hajji ko Umara ya yi allurar sanƙarau aƙalla kwana 10 kafin isarsa, kuma wanda ya fito daga ƙasa irin Najeriya ya zo da katin shaidar allurar zazzaɓin shawara, wanda shi ma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Babu wanda ya ambata mana wannan a ofishinku. Da na tambaya daga baya, sai aka ce kada in damu, za a haɗa wa Hajiya katin a saka cikin fasfonta, ba sai ta wahala da zuwa wurin allura ba. Alhaji, kati ba ya hana cuta. Dattijuwa mai hawan jini da za ta shiga cunkoson Harami a daren ashirin da bakwai, kafaɗa da kafaɗa da mutanen da suka fito daga kowace kusurwa ta duniya, allurar take buƙata a jikinta. Mu nan Arewa mun san sanƙarau: annobar shekarar 1996 ta kashe dubban mutane, kuma saboda ita Saudiyya ta hana alhazan Najeriya zuwa aikin Hajjin wannan shekara. A watan Maris na 2012 kuma Afirka ta Kudu ta mayar da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgin Johannesburg bisa zargin katunan allurarsu na jabu ne, har abin ya zama rikicin diflomasiyya tsakanin ƙasashen biyu. Duk kamfanin da ke rubuta kati ba tare da allura ba yana jefa maniyyacinsa cikin haɗarin cuta da haɗarin a tsare shi a ƙasar da bai san kowa ba, yana kuma ƙara sa a riƙa kallon takardun sauran 'yan ƙasa da shakka.

Bayan Sallah an kira ni aka ce za a mayar da tafiyar zuwa wani lokaci, in dai zan ƙara kuɗin sabon tikiti. Wanda ya kira bai gaya mini cewa ƙofar Umara tana rufewa kafin lokacin Hajji ba. A shekarar 2025, alal misali, hukumomin Saudiyya sun sa 13 ga Afrilu a matsayin ranar ƙarshe ta shigar masu bizar Umara, 29 ga Afrilu kuma ranar ƙarshe ta fitarsu, wato 1 ga Zulƙida, tare da tara mai nauyi ga wanda ya wuce wa'adi da kamfanin da ya kawo shi. Ke nan da na sake ba da kuɗi ba tare da na bincika ba, da mun sake faɗawa cikin irin ramin farko. Ban da haka, Umarar Ramadan Hajiya ta nufa saboda falalar da aka ruwaito a kanta, kuma farashinta muka biya, wanda kowa ya san ya fi na sauran watanni tsada nesa ba kusa ba. Ba daidai ba ne a karɓi kuɗin goman ƙarshe a ce za a biya mutum da tafiyar watan Safar.

Na san hujjar da za ku kawo, domin an riga an karanta mini ita: wai a bayan fom ɗin da na sa wa hannu an rubuta cewa ingancin takardun tafiya yana wuyan matafiyi, kuma ba a mayar da kuɗin tikiti da na masauki. An rubuta wannan da Turanci, da ƙananan haruffa, a kamfanin da duk tallansa na rediyo da Hausa yake yi. Idan kuna iya bayyana wa mutane kusancin masaukinku da Harami da irin abincin da za a ba su da harshen da suke ji, kuna iya bayyana musu sharaɗin wata shida da harshen nan. Sannan ko da an yarda da wannan sharaɗi, ba ya wanke wanda ya karɓi fasfo, ya duba shi, ya ce komai ya yi, ya ajiye shi wata biyu. Na nemi a nuna mini shaidar cewa an sayi tikiti da sunan mahaifiyata, ko an kama mata ɗaki, tunda su ne ake cewa kuɗin ya tafi a kansu. Har yau ba a nuna mini ko takarda ɗaya ba, kuma da wuya in fahimci yadda aka yanka wa mutumin da ba a samar masa biza ba tikitin da ba a mayar da kuɗinsa.

Abu mafi ciwo shi ne sabon fasfon da na kawo muku daga baya da fatan za a iya ceto tafiyar yana hannunku har yanzu, kuma an ce ba za a ba ni ba sai na sa hannu a takardar cewa na yafe sauran kuɗin. Fasfo mallakin Gwamnatin Tarayya ne, an damƙa shi ga wanda sunansa ke ciki, kuma babu kamfanin da ke da ikon riƙe shi a matsayin jingina ko abin ciniki. Ba zan sa hannu a wannan takarda ba.

Saboda haka ina neman a mayar wa mahaifiyata fasfonta nan take ba tare da wani sharaɗi ba, a kuma mayar mana da kuɗinmu. Idan akwai wani kaso da kuka riga kuka kashe da gaske, a kawo rasit ɗin kamfanin jirgi ko na masauki mu gani, mu zauna mu tattauna a kansa. Ina kuma neman ka binciki ma'aikacin da ke tallar fasfon bayan fage da katin allura na jabu da sunan kamfaninka, domin ba na zaton mu ne na farko da ya yi wa wannan tayi. Ga maniyyatan da za su zo bayanmu, ina roƙon ku buga takarda guda da Hausa, a boko da ajami, mai ɗauke da sharaɗin wa'adin fasfo, da dacewar suna da lambar NIN, da allurar da ake buƙata da lokacin yin ta, da ranar rufe Umara, a karanta wa kowa ita kafin a karɓi sisinsa.

Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda dokar shekarar 2006 ta kafa, ita ke ba kamfanonin jirgin yawo lasisi, ita ke da ikon dakatar da shi, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, tana karɓar irin wannan ƙara. Na haɗa rasitai, da kwafin tsohon fasfo da sabo, da saƙonnin da muka yi musaya da ma'aikatanku ta WhatsApp, ciki har da na tayin kati. Idan mako biyu suka cika daga yau ban ji daga gare ku ba, zan miƙa su ga hukumomin biyu, in kuma sanar da Hukumar Shige da Fice cewa fasfon wata 'yar ƙasa yana tsare a ofishinku. Lambar wayata da adireshina suna kan fom ɗin da ke hannunku.

Wassalam.

Naka,
Ɗan wata maniyyaciya,
Kano.