Yaya, kar a sake siyan kik sai an duba abin da ke kashe shi

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kun wuni lafiya, ya Inna da ƙafar tata, ya yara, ya ruwa. Ni lafiya lau alhamdulillah, aiki ne dai ba ya ƙarewa, zafin Jidda kuma mun saba da shi.

Na ji saƙon muryarka, wai kik ɗin Hilux, na'urar da ke juya inji mota ta tashi, ya sake ƙonewa a hanyar Gujungu da kaya a bayanta. Wallahi Yaya raina bai yi daɗi ba, ba don kuɗin ba, don dai na san haka za a yi tun wancan karon da kuka ce rewaya ya canza wani ya ce an gama. Kik ba ya ta mutuwa haka kawai, in ka ga ana sa wani yana bin na baya to akwai abin da ke kashe shi kuma yana nan cikin motar. Nan garejinmu a Sana'iyya kusan kullum sai an kawo irin ta, Hilux da Land Cruiser na 'yan jeji, kuma sau da yawa laifin ba na kik ba ne.

Na turo riyal 800 ta hannun wanda muka saba. 300 na Inna ne na magani da cefane, kar a taɓa shi ko motar za ta kwana wata a bakin titi. 500 na mota, amma dan Allah kar a ba kowa ya tafi Kofar Ruwa siyo kik sai an yi abin da zan faɗa maka, kuma kai da kanka za ka tsaya a kai, ba Auta ba.

Ka fara da batir. A sa mita, in motar ta kwana a kashe ya kamata ya nuna wajen 12.6, in ana murza ki kuma kar ya faɗo ƙasa da 9.6, in ya faɗo to batirin ya gaji ko da kuwa fitila na kamawa rediyo na magana. In ta tashi a sake aunawa, altaneta mai lafiya za ta ba da tsakanin 13.8 zuwa 14.4. Mutane na ɗauka batir mara ƙarfi ba ya ɓata komai sai dai mota ta ƙi tashi, alhali shi ne babban makashin kik, don in wuta ta yi ƙasa kik ɗin juyawa yake a hankali yana jan wuta mai yawa yana zafi, buroshi ya cinye, amecha ta ƙone. Injin dizal kuma nauyi gare shi, ba irin na fetur ba ne da ɗan batirin Golf zai juya shi.

Sai waya, kuma nan ne zuciyata ta fi karkata. Tun ina gida wayar at ɗin nan, wato ta nagetif, da ta taso daga kan batir zuwa jikin inji na ga ta fara yin kore a baki, kuma na san ba a canza ta ba. Gwajin ba wuya, ka samu wayar jam mai kauri ka maƙala ɗaya a kan nagetif na batir ɗaya a jikin inji inda ƙarfe yake fes ba fenti, a murza ki. In ka ji ta juya da sauri fiye da da, shikenan ka kama ɓarawon. Bayan an murza kuma ka bi wayoyin da hannu tun daga kan batir har kan kik, duk inda ka ji ɗumi a mahaɗa to wurin ya lalace. In rewayan yana da mita ya auna asarar wuta a babbar wayar lokacin da ake murzawa, kar ta wuce rabin bolt. A cire kan batir a kankare shi, a daina wannan ɗabi'ar ta cusa ƙusa ko gwangwani a buga da dutse. In waya ce a sayo mai kauri ta jan ƙarfe zalla, ba mai kaurin roba ba.

Tsohon kik ɗin kar a bar wa rewaya shi, ka karɓo a buɗe a gabanka ka ɗauko min hoto. In akwai laka ko tsatsa a ciki, ruwa ne. In baƙin mai ne ya jiƙa shi to sil ɗin bayan inji na yoyo ko wani wuri a sama yana ɗigo masa. In haƙoran bendis, ɗan giyan da ke bakin kik, sun cinye ko ƙarfen ya yi shuɗi shuɗi, to kik ɗin yana maƙalewa bayan mota ta tashi inji na jan shi, a duba makunnin ki ko yana komowa da kansa in an sake shi, don na tuna yana da tauri. Tunda an cire kik ɗin ma a leƙa ramin da tocila, wani ya riƙa juya inji da sifana a hankali a kalli haƙoran fulawil, babban faifan ƙarfen da kik ke kamawa ya juya inji, zagaye guda cur, saboda inji mai silinda 4 kusan a wurare biyu yake tsayawa kullum, haƙoran wuraren su suke fara ci, sauran ka gan su kamar sababbi. Kuma notin da ke riƙe kik a ɗaure su tamau dukkansu.

In kuwa ƙat kawai take yi ba ta juyawa, a ta murzawa sai can ta kama, wannan ba ƙonewa ba ce. Irin kik ɗin Denso da Toyota ke zuwa da shi akwai wasu 'yan jan ƙarfe guda 2 a cikin solenoyid da suke cinyewa, canza su ake yi kuɗi kaɗan. Ina tsoron ma asalin wanda motar ta zo da shi abin da ya same shi kenan aka karɓe muku shi aka ba ku na banza. Allah dai ya kyauta.

Yanzu maganar Auta. Ba zan ce wa ya gaya min ba amma labari ya zo min har nan cewa da safe in ta ƙi tashi yana danne ki ya riƙe har sai ta yi hayaƙi, kuma wai har batir biyu suke haɗa mata a jere shi da abokansa. Yaya kik ɗin 12 ne, a ɗura masa 24 kuma a ce me ya ƙona shi? An kuma ce min yana faɗawa ruwa da ita a fadama saboda wai fowil ce. Fowil ɗin taya take ja, ba ta hana ruwa shiga kik, yana can ƙasa a gefen inji. Ka gaya masa ni na ce kar ya wuce sakan 10 yana murzawa, ya saki ya jira kamar minti guda. Ki kuma ya riƙa kwana a wurinka. Ni ba na son in kira shi da kaina don na san bakina, kuma yaro ne, ni ma da ina nan da ba a kai ga haka ba, na bar muku komai a ka na taho. Wani lokaci in na kwanta sai in ta tunanin ina nan ina gyara motocin mutane tamu na can a yashe.

Amma rashin tashin da safe shi ma ciwo ne, ba laifin Auta kaɗai ba. A gwada hita fulog ɗin guda 4, masu ɗumama inji kafin ya tashi, ɗaya bayan ɗaya, sanyin hunturu na zuwa. Sannan gobe kafin a murza ki a danna ɗan famfon hannu da ke kan filtar mai har ya yi tauri, in ta tashi bugu ɗaya to iska ce ke shiga layin mai cikin dare, a bi tiyo a nemo inda ya tsage. Mota mai tashi bugu ɗaya kik ɗinta shekaru yake yi.

In duk an duba an gyara kuma lallai sai an saya, a nemi Denso ɗan Kwatano mai kyau, a tafi da tsohon a ƙirga haƙoran bendis su zo daidai, a gwada shi da batir a gabanka kafin ka biya. In ba a samu ba ka faɗa min, akwai masu dawowa daga Umara, zan nemi wanda zai riƙo muku daga nan, mai garejinmu yana ji da ni ba zai hana ni a farashin sari ba.

Maganar zuwa gida da Inna ke yi, ka ce mata ana kan sabunta iƙama, in ta fito za mu ga yadda Allah zai yi, kar ta sa damuwa, ina ci ina sha. Ka ce ta ci gaba da sa min albarka. Kuɗinta 300 a hannunta za ka damƙa, na mota kuma kar a fitar da ko sisi sai na ga hoton cikin kik ɗin da abin da mita ta nuna. Ka gaida Kawu da mutanen gida duka, a shafa min kan yara.

Ƙaninka.