Ƙawata, angona ba lafiya

Assalamu alaikum ƙawata,

Ya gida, ya yara, ya maigidan? Na ga kiranki har sau uku, na kuma ga tambayarki kan atamfar anko. Wallahi ba share ki na yi ba. Na san ina jin muryarki kuka zai ƙwace mini, shi ya sa na zauna na rubuto.

Angona, kakan nan nawa, shi ne ba lafiya. Tun bayan ƙaramar salla yake ramewa muna cewa azumi ne da tsufa, sai idanunsa suka yi rawaya, ciki ya kumbura. Inna ta ce shawara ce, aka yi wata guda ana jiƙe-jiƙe. Da Kawu ya kai shi asibitin koyarwa aka ɗebi jini aka ɗauki hoton ciki, likita ya ce ciwon dajin hanta ne, kuma ya riga ya bazu, aiki ba zai yiwu ba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B ce ta yi shekara da shekaru a jikinsa ba ta nuna kanta ba. Yanzu rage masa raɗaɗi kawai ake yi. In ruwa ya taru a cikin sai a zuƙe, ga mofin na ruwa, maganin raɗaɗi mai ƙarfi, da muke ba shi a kan lokaci. Yana sa shi barci, yana kuma ɗaure masa ciki, dole sai an haɗa da mai sassautawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Kawu ya tara mu ya ce kada kowa ya faɗa masa. Mako biyu ina ba shi kunun gyaɗa a cokali ina ce masa gyambon ciki ne. Daren Juma'a bayan 'yan dubiya sun watse, ya ce, "Amarya, jawo mini akwatin nan na ƙarƙashin gado." Ƙawata, likkafaninsa ne a ciki, wanda ya zo da shi daga Makka, da wani tsohon littafi da ya rubuta basussuka da ajami. Ya ce mutumin da ya yi awon gyaɗa tun zamanin dala ba ya buƙatar a gaya masa buhu ya yi sauƙi. Ya sa na karanta masa sunaye, na wanda ake binsa a biya, na wanda yake bi ya yafe. Washegari ya aika aka kira ƙaninsa da suka shekara shida ba sa ga maciji saboda gonar nan. Ni dai a ganina ba mu kyauta masa ba da muka ɓoye. Mako biyun nan nasa ne, yana da abin yi da su.

Af, an matso da bikin autarmu zuwa wata mai kamawa, don ya ce shi zai ba da aurenta ko a kan tabarma ne. Dangin ango sun so su ja magana saboda lefe bai kammala ba, Inna ta ce su kawo abin da ya samu. Kin san Inna.

Likita ya sa duk gidan mun yi gwajin jini. Mu da aka haifa kafin 2004 ba a yi mana rigakafin muna jarirai ba, na karɓi allura ta farko, saura biyu. Ke ma ki je, kada ki kawo mini zancen tsoro, ke da kika ɓuya a bayan rumbu ranar allurar sanƙarau!

Jiya ya tambaye ni ina 'yar Legas mai cinye masa dabino. Bayan la'asar ya fi samun ƙarfin magana. Ki kira wayar Inna, zan kara masa a kunne.

Taki har kullum.