A fara da malaman malamai kafin a sayo kwamfuta

Malam Edita, salamu alaikum, barka da aiki. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan malaman jami'a da na ekol normal, wato masu horas da malaman makaranta.

Ni malamin firamare ne nan Maradi, na jima ina shan ƙurar alli. Ƙanena yana karatun malanta a wata makaranta da ba sai na kira sunanta ba, ran nan ya zo hutu na ce miƙo kayenka na darasin kwamfuta in gani, sai ga shafi uku cike da ma'anar ordinatar da sunayen sassanta, an yi musu dikte sun rubuta sun haddace har sun ci jarabawa, amma wallahi bai taɓa ganin malamin ya kunna ta a gabansu ba. Ɗakin kwamfutar yana nan, makullin na aljihun wani. To wannan yaro gobe in aka tura shi Dakoro ko Mayahi yaya zai koyar? An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to ina ga in ita barewar ce ke rarrafen.

Ban ce laifin malaman ne su kaɗai ba. Kowa ya tuna watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke kuran, mu da layinmu daga Katsina yake zuwa mun ji a jikinmu. Ga rezo yau akwai gobe babu, ga forfe na Airtel ko Moov ko Zamani daga aljihun mutum yake fita. Amma akwai abin da ba a faɗi, kunya. Dattijo mai digirin dokta, furfura ta fito, ba zai so ya tsaya gaban ɗalibai yana lalube ya kasa haɗa majigi da kwamfuta har ɗan cikinsa ya taso ya gyara masa ba, gara ya koma ga tsohuwar takardarsa da ya saba. Ni ma da ni ne haka zan yi. Shi ya sa seminar ta kwana uku a otal da ake raba ferdiyam a watse ba ta warkar da komi, sai dai a samu wanda zai zauna da shi a birosa su biyu, sati bayan sati, ba mai kallo.

Kuma ni dai a daina jiran manyan kaya. Korona ta 2020 da aka rufe makarantu wa ya cece mu in ba WhatsApp ba? Waya tana hannun kusan kowane ɗalibi. In ya je sitaj abokinsa ya ɗauke shi bidiyo minti goma yana koyarwa, su zauna da malaminsa su kalla, ya ga da idonsa yadda ya ba yara baya yana magana da allo. Wannan ko rezo ba ya so, caji kawai, fano ɗaya na sola ya isa.

Tunda a 2025 an mai da Hausa harshen ƙasa, ina roƙon malaman ENS, wato babbar makarantar horas da malamai ta Yamai, da na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maradi su riƙa naɗar gajerun darussa da murya cikin Hausa suna turo mana, mu na cikin aji mu ma muna so.

Naka,
wani malamin makaranta, Maradi