Ƙorafi ga kamfanin da tifarsa ta fasa mana ramin masai a Marwa

Ranka ya daɗe shugaban kamfani, assalamu alaikum.

Sau 3 ina zuwa ofishinku ana ce mini ba ka nan, shi ya sa na fito da maganar nan fili. Ni magidanci ne a unguwar Domayo da ke garin Marwa, a arewacin Kamaru. Makonni 2 da suka wuce tifarku ta kawo wa maƙwabcina yashin kogin Mayo Tsanaga, direban ya rasa wurin juyawa, sai ya yo baya da baya ya ɗora ƙafafun motar kan murfin sokawen gidana, wanda ke binne a jikin katanga ta waje.

Ba a ɓoye ramin yake ba. Na kewaye shi da tsofaffin tayoyi da duwatsu, bututun fitar da iska kuma yana tsaye tsawon mutum. Matata ta fito tana ɗaga hannu tana cewa akwai rami, yaron motar ya ture taya ɗaya da ƙafa ya ce wa direba ya ci gaba. Wannan abin shi ya fi ci mini rai.

Ku da kuke sana'ar gini kun fi ni sanin cewa kankaren murfin masai na gida ba gada ba ne. Kaurinsa bai wuce santimita 10 zuwa 12 ba, da rodi daidai ɗaukar mutum ko babur. Tifa mai ƙafa 10 cike da jiƙaƙƙen yashi kuwa ta haura tan 20. Ga shi muna cikin Agusta, ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi, nauyin da aka ɗora a gefe ma bangon bulo yake turawa ciki. Haka aka yi. Murfin ya dare gida biyu, bango ɗaya ya karkata, bututun da ya fito daga banɗaki ya karye a gindi. Yanzu duk ruwan saman da aka yi cikin ramin yake zuba, ya cika shi, ƙazanta ta dawo mana tsakar gida.

Rijiyarmu tana nesa da ramin da kamar mita 15, kuma gidaje 4 ke ɗiba a cikinta. Na rufe ta da kwaɗo, muna sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Duk wanda yake jihar nan a 2010 bai manta yadda kwalara ta ɗebi mutane ba, ni kuma ba zan yi caca da ran 'ya'yana da na maƙwabta ba. Tsagar na rufe ta da kwano da katako, amma yaran unguwa a nan suke wasa, dare da rana hankalina yana wurin. Iskar da ke cikin irin wannan rami tana sumar da babban mutum ma kafin a jawo shi.

Wani ma'aikacinku ya ce mini in zuba siminti a tsagar kawai. Ba zan yi ba, domin rodin ya riga ya lanƙwashe, bangon kuma ya motsa. Abin da nake nema shi ne ku turo motar kwashe masai ta zuƙe ramin, a sake gina bangon, a zuba sabon murfi, a sauya bututun, duk daga aljihunku. Ni zan kafa turakun ƙarfe a kewaye da kuɗina. Ku kuma gaya wa direbobinku, kafin su shiga lungu da kaya, yaron mota ya sauka ya tambayi masu gida inda rami yake.

Hotuna suna hannuna, da lambar motar, mai unguwa ma ya zo ya gani da idonsa. Ina jiran amsarku cikin kwana 7, in ba haka ba zan kai maganar sashen tsafta na magajin gari.

Na gode.
Wani magidanci, Domayo, Marwa